Amuku Tsakanin Itatuwa Biyu

Dattawan da suka riski zamanin da Turawan mulki ke fita rangadi tun mota ba ta yawaita ba, har yanzu idan hira ta yi daɗi sukan ambaci amuku, watau wani yadi mai ƙarfi da ake ratayawa a jikin doguwar sanda, ƙarti su ɗauka, Bature ko marar lafiya yana kwance a ciki. A ƙasashen kurmi irin su Saliyo da Gwalkwas, inda ƙudan tsando ba ya barin doki ya rayu, wannan shi ne abin hawan manya, kuma ɗaukarsa wahala ce wadda talakawan da aka tilasta wa ba su tuna ta da alheri. Saboda haka kalmar ta shigo mana da ƙurar bauta a jikinta, alhali kuwa a ƙasarsa ta asali amuku gadon talaka ne, a cikinsa ake haifuwar mutum, a cikinsa yake ƙailula da barcin dare, a wasu wurare ma a cikinsa ake ɗaukar gawarsa zuwa makwancinta.

Asalin kalmar daga bakin mutanen Taino ne, mazauna tsibiran Karebiyan. A watan Oktoba na 1492 Kolombus, jagoran jiragen Sifaniyawa, ya rubuta cewa mutanensa sun shiga gidajen wani tsibiri sun tarar da gadaje masu kama da ragar auduga. Sifaniyawa suka karɓi abin da sunansa, suna cewa hamaca, Ingilishi ya karɓa daga gare su, mu kuma muka karɓa daga Ingilishi muka lanƙwasa shi yadda harshenmu ke so. A shekarar 1500 Pero Vaz de Caminha, magatakardan jiragen Fotugal da suka fara isa gaɓar Brazil, ya bayyana wa sarkinsa dogayen ɗakunan mutanen ƙasar, inda aka ɗaura raga daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, an hura wuta a ƙarƙashi don ɗumi. Shi ya sa har yau mutanen Brazil ke kiransa rede, watau raga. Hikimar abin kuwa a fili take ga wanda ya san kurmi, gama ƙasar da ba ta rabuwa da laima, ga macizai ga tururuwa, ba wurin shimfiɗa tabarma ba ce. Mai karatu da ya san ragayar da mata ke rataye ƙwarya a ɗaki don kada ɓera ko kiyashi su kai gare ta ya riga ya fahimci rabin mas'alar. Bambancin kawai shi ne a nan mutum ne ƙwaryar.

Ma'abota teku ba su yi jinkirin gane fa'idarsa ba. A 1597 rundunar jiragen ruwan Ingila ta sa shi cikin kayan ma'aikatanta, domin duk yadda jirgi ya karkata amuku yana nan a daidai, kuma an ƙayyade wa kowane matuƙi fili mai faɗin inci 14 kacal, abin da bai kai kamu ɗaya ba. Idan za a yi yaƙi sai a naɗe su a jera a gefen jirgi su zama garkuwa, wanda ajali ya riska kuma a ɗinke shi a cikin nasa a saka shi a teku. Har 'yan sama jannatin Amurka da suka sauka a kan wata a cikin kumbon Apollo 12, a watan Nuwamba na 1969, a amuku suka kwanta.

Amma wanda nake nufin yin bayani a kansa shi ne babban, irin na Yukatan a ƙasar Meziko da na arewa maso gabashin Brazil, wanda miji da mata da ɗansu za su shiga su sake. A garuruwan Yukatan irin su Tixkokob, kusa da birnin Merida, ana saƙa shi da hannu a kan itatuwa biyu a tsaye, zare yana sarƙe da zare ba tare da ƙulli ba, ta yadda idan an buɗa shi sai ya miƙe ya zarce mita 2 a faɗi, tsawonsa kuwa daga kunne zuwa kunne, watau madaukan da ke ƙarshensa biyu, wajen mita 4. Dā da zaren wani tsiro mai kama da kabar giwa, wanda suke kira henequen, ake yi. Yanzu auduga da nailan sun maye gurbinsa. Na Brazil yadi ne saƙaƙƙe mai geza a gefe, kuma garin São Bento na jihar Paraíba da Jaguaruana na jihar Ceará sun shahara da sana'arsa. A jiragen da ke hawa kogin Amazon daga Belem zuwa Manaus, tafiyar kwana biyar ko fiye, yawancin fasinjoji da nasu suke zuwa, kowa ya nemi ƙugiya ya rataya, su jeru kafaɗa da kafaɗa. Abin ya shiga jinin mutanen ƙasar har wani babban malaminsu na al'adu, Luís da Câmara Cascudo, ya wallafa littafi sukutum a kansa a 1959.

To, wanda ya sayi irin wannan ya kawo gida, ya ga itatuwa biyu masu inuwa a ƙofar gidansa ko a garkarsa, kuskuren farko da zai yi, kuma ban cire kaina ba domin na yi shi, shi ne ya ja igiya ya ɗaure tamau. Hankali yana raya masa cewa tun da gado a miƙe yake, amuku ma sai ya miƙe zai yi daɗin kwanciya, kuma wai abin da aka ɗaure da ƙarfi ya fi wanda aka sassauta aminci. Duka biyun zato ne marar asali. Ranar da na gwada, tsakanin mangwaro biyu, da wata igiya da na amince da ita domin ta sha ɗaure kaya, ban gama daidaita kafaɗata ba na ji ƙara, sai ga ni a ƙasa ina kallon ganye, yara suna ƙoƙarin ɓoye dariya saboda ladabi. Na daɗe ina zargin igiyar kafin in gane laifin nawa ne.

Ga hujjar, kuma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri da ɗan hisabi, gama a nan ne ruhin al'amarin yake. Nauyin mutum ƙasa yake ja, igiyoyin biyu kuwa a karkace suke, saboda haka ba duk ƙarfin da ke cikin igiya ne ke ɗaga mutum sama ba. Wani kaso yana ɗagawa, sauran yana tafiya ne wajen janyo itatuwan biyu zuwa ga juna. Gwargwadon yadda igiyar ta kusanci miƙewa, gwargwadon yadda kason ɗagawa ke raguwa, sai ya zama wajibi igiyar ta ɗauki ja mai yawa kafin ta sami abin da zai riƙe mutumin. Malaman handasa sun auna wannan da kusurwar da ke tsakanin igiya da shimfiɗar ƙasa, ana auna ta lokacin da mutum ke ciki. Idan kusurwar daraja 30 ce, abin da 'yan makaranta ke kira digiri, to kowace igiya tana ɗauke da daidai nauyin mutumin: mai kilo 70, kowane gefe kilo 70. Idan aka ja ta koma daraja 15, sai ya zama kilo 135 a kowane gefe. A daraja 10 ya haura 200. A daraja 5 kuwa ya kai 400, alhali mutumin bai ƙara ko loma ɗaya ba. Yanzu a ɗauka babban amuku ne, manya uku sun shiga, jimlarsu kilo 210. A daraja 30 kowane itace yana jin 210, wanda lafiyayyen itace ba zai damu da shi ba. A daraja 10 kuwa abin ya zarce kilo 600, kuma wannan kafin wani ya faɗa ciki da ƙarfi ko yara su fara lilo, wanda ke ƙara jan nan take.

Wannan ba baƙon ilmi ba ne a gare mu, suna ne kawai ba mu ba shi ba. Duk matar da ta taɓa ɗaure igiyar shanya tamau, ta ɗora mata jiƙaƙƙun zannuwa, ta ga ƙusa ta fice daga bango, ta san shi. Kuma wanda ya lura da wayoyin lantarki a bakin hanya zai ga ba a taɓa miƙe su sarai, kullum da ɗan ciki tsakanin turke da turke. Ma'aunin daraja 30 kuwa yana hannun kowa: a miƙe manuniya a kwance, a ɗaga babban yatsa a tsaye, layin da zai tashi daga kan manuniya zuwa kan babban yatsan ya yi kusa da karkatar da ake nema. Ba a bukatar tsanantawa. In ta ɗan fi ko ta ɗan gaza babu laifi, abin gudu shi ne miƙewa.

Daga wannan ƙa'ida sauran awo ke fitowa. Tazarar da ta fi dacewa da babban amuku ita ce mita 4 da rabi zuwa 5, watau kamar taku shida na babban mutum. A tazarar mita 4 da rabi, idan ana so mazaunin ya tsaya kamar santimita 45 daga ƙasa, tsayin kujera ke nan, sai a ɗaura a jikin itace wajen mita 1 da santimita 75, daidai kan mutum matsakaici. Idan itatuwan sun yi nisa, a ce mita 6, ba a gyara wannan da jan igiya. Sai dai a ƙara mata tsawo a hau sama, a ɗaura a wajen mita 2 da santimita 20, ko da za a nemi turmi a taka. Idan kuwa sun yi kusa ƙwarai, amukun zai lanƙwashe kamar ƙwarya, mutum ya kwana gwiwa a ƙirji, gara a nemi wasu itatuwan. Wasu masu kwana a daji sukan ɗaura wata siririyar igiya mai ƙarfi daga kunnen amuku zuwa ɗaya kunnen, tsawonta kimanin kashi 83 cikin 100 na tsawon amukun, domin cikinsa ya zauna yadda yake ko da tazarar itatuwa ta sāɓa. A kanta kuma ake rataya gidan sauro.

Zaɓen itace shi ne sharaɗi na biyu, kuma a nan ido kaɗai ba ya isa. Ana son rayayyen itace mai kauri, wanda ga babban amuku bai kamata ya gaza santimita 30 ba daga gefe zuwa gefe, mai saiwa a ƙasa mai ƙarfi, ba a bakin rafi inda ruwa ya zaizaye gindinsa ba. Mangwaro da tsamiya da maɗaci da darbejiya da suka manyanta duk sun cika sharaɗi. Gwanda da zogale kuwa, komai girmansu, jikinsu ba ya ɗaukar ja, kada a ko gwada. A ƙwanƙwasa gindin da sanda a saurara, domin itacen da gara ta cinye cikinsa yakan tsaya da ganyensa kore shar, amma amonsa amon ganga ne. Sa'an nan, kuma wannan ne mutane suka fi mantawa, a ɗaga kai sama. Busasshen reshe da ya maƙale yana jiran iska, ko 'ya'yan kwakwa da na giginya da suka nuna, ko gidan zuma da na rina, duk ba a son su bisa kan mai barci, kuma girgizar amukun kanta tana iya zama sababin faɗowarsu. Bayan sama sai ƙasa: a share duwatsu da kututture da ƙaya, kada kuma mutum ya rataya a tsayin da ba zai yarda ya faɗo daga gare shi ba.

Akwai wata faɗakarwa da ba zan wuce ta ba, ko da ta fita daga batun itace. Wanda ya rasa itace na biyu yakan ɗaura a ginshiƙin bulo na baranda ko na ƙofar gida, yana ganin gini ya fi itace ƙarfi. Ginshiƙin bulo da ba ƙarfe a cikinsa an yi shi ne don ɗaukar nauyin da ke danno shi daga sama, jan gefe kuwa yana iya kayar da shi, kuma idan ya faɗi a kan wanda ke cikin amukun yake faɗawa. An yi asarar rayuka ta wannan hanya a ƙasashe dabam-dabam. Mutanen Yukatan da na Brazil da ke rataya nasu a ɗaka, tun wajen gini suke binne ƙugiyoyin a cikin bango.

Shi ma itacen yana da haƙƙi a kanmu. Rayuwarsa tana gudana ne a wani siririn sashe da ke ƙarƙashin ɓawo, ta nan abincin da ganye ya sarrafa ke sauka zuwa saiwa, ta nan kuma yake ƙara kauri kowace shekara. Shi ya sa masu sassaƙen magani da suka san aikinsu ba sa kewaye itace da sassaƙa, gefe ɗaya suke ɗiba, domin wanda aka kewaye mutuwa yake yi. Siririyar igiya ko waya da ke ɗauke da kilo ɗaruruwa tana yin irin wannan ɓarna a hankali, tana murje ɓawon duk lokacin da amukun ya motsa. Maganinsa shi ne ɗamara mai faɗi, irin wadda ake ɗaure kaya da ita a mota, faɗinta kada ya gaza santimita 2 da rabi, ga babban amuku ma 5 ya fi. A kewaya ta a gindin sau ɗaya ko biyu a shimfiɗe, ba a murɗe ba. Wanda bai samu ba ya naɗa tsohon buhu ko tsumma mai kauri kafin ya ɗora igiya. Ba kuma a barin ɗaurin shekara da shekaru a wuri guda, gama itacen yana girma igiyar ba ta girma, ƙarshenta ta shige cikin jikinsa ta shaƙe shi.

Game da igiya, a sani cewa kowane ƙulli yana rage mata ƙarfi, wani har kusan rabi, rana kuma tana cin nailan ko da ido bai ga alama ba, saboda haka a nemi wadda ƙarfinta ya ninka abin da za a ɗora mata sau biyar ko fiye. Ƙullin da mutanen Kudancin Amurka suka saba da shi mai sauƙi ne: a zura bakin igiya ta cikin kunnen amuku, a kewaya ta bayan kunnen duka, a dawo a cusa ta ƙarƙashin kanta, a bar bakin a ninke yadda fizga ɗaya za ta warware shi. Nauyi yana ƙara masa kamu, kuma idan ana so a ɗaga amukun ko a sauke shi ba sai an taɓa ɗaurin jikin itace ba. Mustahabbi ne a ɗaga gefen ƙafa ya ɗara na kai da kamar tafin hannu ɗaya ko biyu, domin gangar jiki ta fi ƙafafu nauyi, in an daidaita su mutum yakan zame zuwa ƙafa cikin dare.

Saura jawabin zato na farko, cewa sai abu ya miƙe ake jin daɗin kwanciya a kansa. Amukun da aka ja tamau gefunansa tashi suke yi su matse kafaɗu kamar likkafani, kuma shi ne mai saurin kifar da mutum. Sirrin da kowane yaro a Merida ya sani shi ne ba a kwanciya a bisa tsawonsa. A karkace ake kwanciya, kai ya nufi wannan gefe ƙafa ta nufi wancan, a babba ƙwarai ma har a gicciye. Da zarar an karkata sai saƙar ta buɗe, bayan mutum ya miƙe kusan kamar a kan katifa, kuma wannan ba ya yiwuwa sai amukun yana da ciki. Ashe sassaucin da ya tsare igiya daga tsinkewa shi ne kuma ya ba baya hutawa. Shiga kuwa da zama ake fara ta: a juya masa baya, a buɗa saƙar da hannu biyu, a zauna a tsakiya a hankali ana sauraron igiya da itace, sa'an nan a ɗauke ƙafafu. Idan jama'a ne, mafi nauyi ya fara shiga, saura su biyo ɗaya bayan ɗaya, kowa a gicciye. Maɓallin riga da agogo da makulli abokan gāban saƙar Yukatan ne, zare ɗaya suka kama sai ya zazzago. Jariri kuwa ba a barinsa a ciki shi kaɗai, haka ƙananan yara ba a barinsu su yi wasa da igiyoyin kunnen, saboda hatsarin shaƙewa.

Ba zan ɓoye aibinsa ba. Iskar da ke ratsa shi ta ƙasa, wadda ita ce falalarsa a watannin bazara, ita ce illarsa da hunturu, domin bargon da mutum ya danne da bayansa ba ya riƙe ɗumi; wannan ne dalilin wutar da Caminha ya ambata. Sauro ma ta ƙasa yake zuwa ya yi cizo ta cikin saƙar, don haka gidan sauron da bai kewaye amukun har ƙasansa ba aikin banza ne. Amma barcinsa, wannan kam masu bincike ma sun shaida: a 2011 wasu malaman Jami'ar Janeba a Suwizalan sun kwantar da maza 12 a gado mai lilo a hankali, kai da komowa ɗaya cikin daƙiƙa 4, suka tarar barcin rana ya fi saurin ɗaukarsu fiye da a gadon da ba ya motsi. Iyaye mata da ke jijjiga goyo ba su jira wannan bincike ba.

Idan an tashi, a kwance shi, musamman na auduga, wanda raɓa da ruwan sama ke ruɓar da shi. A riƙe kunnuwan biyu a hannu ɗaya kada su taɓa ƙasa, gama idan kunne ya shige ta tsakanin zarurrukansa, warware shi aikin yini ne. A murɗa jikin, a naɗe, a rataya kunnuwan a ƙusa guda a ɗaka, yadda matan Yukatan ke yi kowace safiya don ɗakin kwana ya koma ɗakin zama. Sa'an nan a koma a cire ɗamarar daga jikin itacen, a shafa wurin da hannu. Idan ɓawon ya yi santsi ko ya fara fitar da ƙaro, gobe a matsa sama ko ƙasa kaɗan.